Ɗakin Karatu a Cikin Kwalaye: Ta Ina Za a Fara?

Tambaya: Assalamu alaikum Baba. Ni 'yar bautar ƙasa ce, an turo ni wani gidan adana kayan tarihi a ɗaya daga cikin jihohinmu. Tarihi na karanta a jami'a, ban san aikin laburare ba. Ranar da na kama aiki shugaban wurin ya buɗe mini wani ɗaki ya ce ga ɗakin karatunsu, yana so kafin in gama shekarata in sa masa shi a kwamfuta. Littattafan za su kai 2,000. Wasu suna kan kanta, wasu a kwalaye a ƙasa. Akwai na Turanci, akwai na Hausa, akwai na Larabci bugun Misira da Bairut, ga tsofaffin jaridu, ga wasu takardun rubutun hannu a cikin gafaka. Babu jerin komai. Wani ya ce in nemi Koha, wani ya ce in fara da Dewey. Ta ina zan fara? *Daga wata 'yar bautar ƙasa.*

Amsa: Wa'alaikumus salam 'yata, Allah Ya sa ki gama lafiya. Koha da Dewey duk ki jingine su tukuna, za mu zo kansu. Gobe da safe, tun kafin ki buɗe littafi ko ɗaya, ki sa a ɗaga kwalayen nan daga ƙasa a ɗora su a kan benci ko katako, a kuma janye su daga jikin bango. Gara ta ƙasa take hawowa, kuma ba ta jiran a gama katalog. Daga nan ki shiga kasuwa ki sayo babban littafin rajista mai bango mai ƙarfi, da fensir, da burushi mai laushi, da takunkumi saboda ƙura. Biro kam ki bar shi a jaka.

Sai ki nemi wanda ya fi kowa daɗewa a gidan, sau da yawa masinja ne ko mai gadi, ki gaishe shi da kyau ki tambaye shi ko an taɓa yin rajistar littattafan nan. Ki kuma duba bayan bangon littattafai kamar ashirin. In kin ga lambobi da hannun mutum ɗaya, to akwai wanda ya riga ki, kuma wataƙila rajistarsa tana ƙarƙashin wasu fayiloli a ofishin akawu. In an same ta, ki ɗora daga inda ya tsaya. In ba a same ta ba, kada ki goge lambobinsa, ki kwafe su a taki.

Rajistar ita ce uwar aikin. Kowane littafi da kika ɗauka ki ba shi lamba, daga 1 har inda ya ƙare, ba tare da kin damu da wane fanni ne ba. Kwafi uku na littafi ɗaya lamba uku ke nan. Littafi mai juzu'i huɗu lamba huɗu. Lambar da kika bai wa wani littafi ta zama tasa har abada, ko ya ɓace ba a ba wani. Ki rubuta ta da fensir a bayan shafin da ke ɗauke da sunan littafin, sannan a rajista ki ja layuka: lamba, marubuci, sunan littafi kamar yadda yake a rubuce, gari da maɗaba'a, shekara, yawan shafuka, harshe, irin rubutu, inda ya fito, halin da yake ciki. Harshe daban, rubutu daban, kada ki haɗe su. Na sha ganin jerin da aka rubuta "Larabci" a gaban waƙar Hausa ko ta Fulatanci don kawai da ajami aka rubuta ta, ta kuwa kwanta a nan shekara da shekaru babu mai nemanta ya same ta.

Layin "inda ya fito" shi ne wanda na fi so ki ba wa lokaci, don a nan ɗakin karatun gidan tarihi ya rabu da na makaranta. A makaranta, in kwafi ya yage sai a sayo wani, magana ta ƙare. A wurinku kuwa kwafin kansa kayan tarihi ne. Bari in ba ki misali da wani ɗan littafin koyon Hausa da ya taɓa zuwa hannuna a wani ɗakin karatu da na yi aiki. Bangonsa ya kusa rabuwa da shi, kuma akwai wani kwafin mai tsabta a kan kanta, har ana shawarar a zubar da wannan. Da na buɗe, a shafin farko akwai sa hannun wani Bature da sunan garin da ya yi aikin Di'o. A ƙasa da shi hatimin wata makarantar En'e. A ƙasa kuma hatimin ma'aikatar ilimi ta jiha. A gefen shafuka, wani ya bi da fensir yana gyara Hausar littafin zuwa ta Sakkwato, inda aka buga "zai tafi" ya sa "za shi tahi". Kwafin mai tsabta ba ya da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Saboda haka duk hatimi, duk sa hannu, duk "kyauta daga wane zuwa wane", duk rubutun gefe, ki ambace shi a rajista. In kin tarar da wasiƙa ko rasit ko hoto a tsakanin shafuka, ki rubuta shafin da kika same shi, ki sa shi a ambulan mai lambar littafin.

Daga wannan ne wata ƙa'idar ta fito. In kwali ɗaya ko kanta ɗaya duk daga gidan mutum ɗaya suka fito, wani alƙali ko wani tsohon malamin makaranta da magada suka kawo littattafansa, kada ki watsa su cikin sauran. Ki bar su tare da sunansa. Mai bincike yana so ya san abin da alƙalin ya karanta, da abin da ya ajiye kusa da me. Littattafan Malam Umaru Falke, malami kuma ɗan kasuwar Kano da ya rasu a 1962, fiye da 3,000, suna Jami'ar Northwestern a Amurka, kuma har yau da sunansa ake kiran tarin. Da an rarraba su fanni-fanni, da an sami littattafai an rasa mutumin.

Yanzu ga inda za ki fara jin jiki: shekara. Littattafanmu da yawa ba sa faɗin shekarar da aka buga su, musamman 'yan ƙananan littattafan addini na kasuwa da littattafan soyayya da suka cika Kano tun daga shekarun 1980. Amma littafi ba ya iya ɓoye shekarunsa gaba ɗaya. Ki duba farashi: in da sule da kwabo aka rubuta, irin 1/6, kafin Janairun 1973 ne, lokacin da Naira ta shigo. Ki duba adireshi: "Jihar Katsina" ba ta wanzu ba sai 1987, Jigawa 1991, Zamfara 1996. Lambar wayar salula a bayan bango tana nufin daga 2001 zuwa sama. Sunan maɗaba'a ma shaida ne. Kamfanin Gaskiya na Zariya a 1945 aka kafa shi, NORLA, hukumar buga littattafai ta tsohuwar Jihar Arewa, ta yi zamaninta a shekarun 1950 ta rufe a 1959, NNPC kuma, wato kamfanin buga littattafai na Arewa, ta zo a 1966. Hatimin En'e yana nuna littafin ya shiga hannunsu kafin gyaran ƙananan hukumomi na 1976. Lambar ISBN, wato lambar shaidar littafi ta duniya, mai lambobi 13 ba ta fara aiki ba sai 2007, kafin nan 10 ce. Duk shekarar da ke kika gano ta, ba littafin ne ya faɗa ba, ki sa ta a cikin baka mai kusurwa da alamar tambaya, kamar haka: [1974?]. Wanda zai zo bayanki ya san wannan hasashenki ne, ya san kuma yana da damar ya gyara.

Sai sunaye. Littafin Turanci zai ce Usman dan Fodio, na masana zai ce Uthman b. Fudi, na Faransanci daga Nijar zai ce Ousmane dan Fodio, na Hausa zai ce Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, na Larabci kuma ya zo da alkunya da nasaba. Mutum ɗaya ne. In kin bi kowane littafi yadda ya rubuta, Shehu zai rabu gida biyar a katalog ɗinki. Ki ware wasu shafuka a ƙarshen rajista, ki zaɓi siga ɗaya ga kowane marubuci, ki jera sauran a ƙarƙashinta. Alhaji da Malam da Dakta ba a jera mutum da su, in ba haka ba rabin ɗakin zai taru a harafin A da M. Sarauta kuwa sai da lura, don akwai waɗanda duniya ba ta san su ba sai da ita, kamar Waziri Junaidu. Wanda ya ɗauki sunan garinsu, Kano ko Zungur ko Funtuwa, ni dai ina jera shi da sunan da ya sa a ƙarshe, in kuma yi nuni daga sunansa na yanka. Wasu ma'aikatan laburare ba su yarda da ni a kan wannan ba, suna cewa sunan gari ba sunan dangi ba ne. Gaskiyarsu. Amma mai nema da shi yake zuwa. Ko wanne kika zaɓa, ki rubuta ƙa'idar a shafin farko na rajista, ki tsaya a kanta.

To, ga Dewey ɗin da aka ce miki. Tsari ne na jera littattafai a kanta bisa fanni, wani Ba'amurke Melvil Dewey ya fitar da shi a 1876, ya kasa ilimi gida goma daga 000 zuwa 999. Ga ɗaki irin naku ya isa, kuma ya fi na Laburaren Majalisar Amurka sauƙin koyo, wanda jami'o'inmu da yawa ke bi. Lambobin da za ki yi ta maimaitawa kaɗan ne: 069 aikin gidajen tarihi, 297 Musulunci, 398 tatsuniyoyi da al'adun baka, 493.72 harshen Hausa, 738 ginin tukwane, 746 saƙa da rini da ɗinki, 893.72 adabin Hausa, 930.1 ilimin tono kayan tarihi, 966.9 tarihin Najeriya. Nan take za ki ga aibinsa. Mutumin ya bai wa Kiristanci daga 220 har 280, ya cusa Musulunci duka, da tafsiri da hadisi da fiƙihu da tasawwufi, a lamba ɗaya. Haka tarihin Kano da na Borno da na Nupe duk za su cunkushe a 966.9. Kada ki ɓata wata guda kina jan lambobi bayan ɗigo. Ki ƙara gajeren harafi naki, 966.9 KAN, 966.9 BOR, ki rubuta ma'anarsu a manna a ƙofa. Wannan lambar kanta a kan 'yar takarda za ki rubuta ta ki saƙala a cikin littafin, bakin takardar ya leƙo waje, in dai tsoho ne. Manna takarda da gam a ƙashin bayan littafi sai ga sababbi.

Takardun cikin gafaka kuwa ba sa shiga Dewey, ba a buga musu hatimi, ba a kuma yi musu gaggawa. Rajistarsu daban. Littattafan malamanmu na da ba a ɗinke suke ba, warƙa-warƙa ne, wato falle-falle, a tsakanin tadarishi, bangon da ake rufe su da shi, kuma gafaka ɗaya tana iya ɗauke da littattafai bakwai da wasiƙu biyu da laƙani. Abu na farko, ki bi warƙoƙin da fensir ki sa musu lamba ƙanana a kusurwa yadda kika same su, ko da kin ga a hargitse suke. Bayan haka ne za a gyara jerin, kuma mai kwafa ya bar miki jagora: a ƙasan shafi yakan rubuta kalma ɗaya ita kaɗai, wadda da ita warƙa ta gaba za ta fara. Ki kwafe layin farko bayan bisimilla da salati, da layin ƙarshe wajen "tammat", don a nan ake samun sunan littafin da na mawallafi, wani lokaci da na wanda ya kwafa da wanda aka kwafa wa. Mawallafi daban, mai kwafa daban, kowa da layinsa.

Shekara a nan sau da yawa da ramzi take zuwa, wato kalmar da kowane harafinta ke da adadi. Sai dai a yi hattara, lissafin malamanmu na Magariba ne, ba na Gabas ba. A wurinmu harafin shin 1,000 ne, a Gabas kuwa 300. In kin ga shin da ra da lam da ba, to 1,000 da 200 da 30 da 2 ke nan, 1232 ta Hijira, shekarar da Shehu ya rasu. In kina son ta Miladiyya, ki ninka da 0.97 ki ƙara 622, zai ba ki 1817, ko ya kauce da shekara ɗaya a wasu lokutan. Ki kuma ɗaga warƙa ki kalle ta ta hasken taga. In kin ga jinjirin wata uku a jere a cikin jikin takardar, irin takardar Italiya ce da fatake ke kawowa ta Tarabulus su ratso hamada da ita, ki rubuta hakan. Duk wannan ba aikin mutum ɗaya ba ne. Ki roƙi shugabanku ya samo malamin zaure wanda idonsa ya saba da rubutun hannu na ƙasar nan, ya riƙa zuwa ko sau ɗaya a mako, a kuma ba shi haƙƙinsa, kada a sallame shi da "Allah Ya saka". In kun sami hali ku leƙa Arewa House a Kaduna, wadda aka kafa a 1970, ko Ma'ajiyar Takardun Tarihi ta Ƙasa da ke can, ku ga yadda suke rubuta nasu. Aikin ba sabo ba ne a gidajen tarihinmu. Gidan tarihin Jos da aka buɗe a 1952 an buga katalog ɗin rubuce-rubucensa na Larabci tun 1965.

Jaridu ba a bin su ɗaya-ɗaya. Suna, sannan daga fitowa ta kaza zuwa ta kaza, sannan waɗanda babu. A shimfiɗe ake ajiye su, ba a naɗe ba.

Kwamfuta a ƙarshe. Koha manhaja ce ta kyauta da aka fara a New Zealand a 1999, kuma tana da kyau, amma tana son kwamfutar da ke kunne kullum da mutumin da zai riƙa kula da ita bayan kin tafi. In gidanku ba shi da su, ki buɗe Excel ki yi layuka irin na rajistarki sak. Duk ranar da aka shirya, daga nan ake kwashewa a zuba a Koha. Ki buga ƙ da ɗ da ɓ yadda suke a littafin, amma ki ƙara layi ɗaya na sunan ba ƙugiya, don yawancin masu nema "kasa" za su buga, ba "ƙasa" ba. Duk Juma'a ki tura wa kanki da shugabanku kwafi ta imel, in kin gama kuma ki buga shi a takarda. Littafi 15 a rana zai kai ki 2,000 cikin kwanakin aiki 134, saura lokacin na gafaka ne da Dewey. In shekarar ta ƙare ba ki kai ga Dewey ba amma rajista ta cika, ki miƙa ta hannu da hannu a sa miki hannu, kin yi aikin da aka turo ki.

Tambaya: Malam, mahaifinmu ya rasu ya bar akwatuna uku na littattafai, bugaggu da na hannu. Babu mai karatunsu a cikinmu yanzu. 'Yan'uwa sun ce a kai gidan tarihi, ni kuma ina tsoron kada su shiga su ɓace. Mene ne shawararka? *Daga wani magidanci a Damagaram.*

Amsa: Allah Ya jiƙan Malam, Ya sa karatunsa ya cece shi. Tsoronka yana kan hanya, amma akwati a ɗakin da ba mai buɗewa shi ma ba amana ba ne, asu da ɗigon damina ba sa neman izinin magada. Abin da zan ce, kada littafi ko ɗaya ya fita daga gidan sai kun yi jerinku. Ku zauna da ɗaya daga cikin almajiran marigayin, ya fi ku sanin wanne ne wanne. Ku ba kowanne lamba, ku ƙirga warƙoƙin na hannu, ku ɗauki hoton shafin farko da na ƙarshe da waya. Almajirin ya faɗa muku wanda Malam ya kwafa da hannunsa, da wanda ya gada, da wanda ya karanta a gaban wane malami, ku rubuta. Wannan bayanin yana bakin mutane ne kawai, kuma babu ma'aikacin gidan tarihin da zai iya ƙirƙiro shi daga baya.

Sannan littattafan gado ne, sai duk magada sun yarda. Ku yanke tun yanzu ko kyauta ce, ko waƙafi, ko ajiya ce da za ku iya karɓa in kun so, a rubuta a takarda, ku sa hannu su sa hannu, a maƙala jerin a jiki, kowa ya riƙe kwafi. Ku sa sharaɗin a bar su tare da sunan Malam, da sharaɗin 'ya'ya da jikoki za su iya zuwa su duba. Tun da a Nijar kake, ka tuntuɓi cibiyar bincike ta IRSH ta Jami'ar Abdou Moumouni a Yamai, suna da sashe na musamman na rubuce-rubucen Larabci da ajami. Kafin ka ba kowa, ka ce a nuna maka rajistarsu da inda suke ajiye na wasu. Wurin da ya kasa nuna maka rajista, kada ka ba su tukuna. Bugaggun da ake samu a kasuwa, in babu rubutun Malam a gefensu, makarantar unguwa ta fi gidan tarihi buƙatarsu.

Tambaya: Baba, ina da wata tsohuwar wasiƙar sarauta ta kakanmu da ta fara karyewa a wajen ninki. In kai a yi mata laminatin? Kuma kyankyasai sun dame mu a durowar, in fesa fiya-fiya? *Daga wata uwargida a Gusau.*

Amsa: A'a, 'yata, duka biyun a'a. Laminatin da zafi da gam yake manne roba a jikin takarda, kuma ba ya ɓaruwa sai da tawadar. Salatif ma haka, bayan 'yan shekaru zai yi ja ya faɗi ya bar tabo. Ki buɗe wasiƙar a hankali, ba a tsakiyar hunturu ba lokacin da takarda ta bushe ƙayau, ki shimfiɗa ta tsakanin fararen takardu biyu masu tsabta, ki sa a cikin fayil mai kauri, ki daina ninke ta. Ki ɗauki hotonta mai kyau, shi za a riƙa nuna wa baƙi. Fiya-fiya kuwa guba ce gare ki da yaranki, kuma tana ɓata takarda. Ki kwashe komai daga durowar, ki share, ki bar ta ta sha iska ta bushe sarai, ki toshe ramukan bayanta, a kuma daina ajiye abin ci kusa da ita. Duk wata ki buɗe ki duba, musamman daga Yuli zuwa Satumba.